Waƙoƙin Mama Fumi da Hammatar Laminu

Kwanan baya autata ta shigo mota, ta haɗa wayarta da rediyon ba tare da neman izini ba, yadda 'ya'yan ƙasar nan suke yi, sai ga muryar wata mata ta cika motar da Japananci, goge na bin ta a baya, wata algaitar Turawa tana shigowa jefi-jefi kamar mai jin nauyin katse magana. Saura kaɗan in wuce danja. Na tambaye ta da Hausa inda ta samo wannan, ta amsa mini da Turanci cewa ai tsofaffin waƙoƙin Japan ne, na zamanin da uwarta take rarrafe, kuma yanzu sun dawo yayi, duk ƙawayenta suna ji. Kafin in rufe baki ta taɓa fuskar wayar, ga sunan mawaƙiyar, ga shekarar, ga fassarar baiti-baiti. Ta fara karanto mini, na ce ta bari. Ta dube ni irin duban da ake yi wa tsohon da ya ƙi shan magani.

Ban iya yi mata bayani ba, domin abin da zan faɗa ba shi da kyan ji a bakin tsohon malamin makaranta. Na yi shekaru ina sauraren irin waƙoƙin nan ban san abin da suke cewa ba, kuma rashin sanin bai cuce ni ba. A zamaninmu idan tambaya ta shigo wa mutum, zama take yi da shi, ta bi shi bas, ta kwana da shi, ta tashi da shi, har ya saba da ita kamar maƙwabciya. Yanzu tambaya ba ta daɗewa a duniya. Kafin ta gama fitowa daga baki an kashe ta da amsa.

Lokacin da na zo Greensboro ƙarin karatu, a Glenwood na sauka, a wani ƙaramin gidan katako da ke kuka duk inda ka taka. Mu da yawa ne a ciki, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, kowa da shiryayyen labarin abin da yake a gida kafin ya zo. Ni malamin sakandare ne daga Zariya, na koyar da adabi har ɗalibaina sun fara aure. Akwai likitan dabbobi, akwai ɗan hakimi. Amirka ta karɓe mu da adalci iri ɗaya: ta miƙa wa kowa soso da sabulu. Nawa soson na same shi a wani gidan abincin Japanawa, tafiyar keke daga gidanmu, inda giya take can gaba wurin baƙi, mu kuma muna baya tare da tukwane, muna sallah a ɗakin ajiya tsakanin buhunan shinkafa.

Mai gidan abincin tsohuwa ce 'yar ƙarama, Mama Fumi. Da aka fara gaya mini sunan na ɗauka Bayarabiya zan tarar, har na tanadi gaisuwar. Ta zo ƙasar nan tun tana budurwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse wasu jihohi, ta rage ita da kicin ɗinta. Ba ta da yawan magana, kuma abin da ta fi maimaitawa shi ne shinkafa tana jin wanda ya wanke ta da fushi. Na ɗauki wannan a matsayin camfi, sai dai ban taɓa gwada wanke ta da fushi in gani ba.

Bayan baƙin abincin rana sun watse akan rufe ƙofar gaba har zuwa la'asar sakaliya, kuma wannan tsakanin shi ne namu. A wanke shinkafa har ruwan ya fito garau, a dafa, a juye ta cikin wani akushin katako mai faɗi, mutum ɗaya yana yanka ta da muciya yana yayyafa ruwan tsami, ɗaya yana fifita da mafici don ta huce tana sheƙi. A lokacin ne Mama Fumi take hawa kan ƙaramar kujera, ta miƙa hannu saman firij inda wata tsohuwar rakoda take, ta danna. Ko a wancan zamanin kaset ya zama abin dariya, kowa ya koma faifan sidi, amma ita kasakasanta ne da ta zo da su ko 'yar uwarta ta aiko mata daga gida, har wasu sun saki, muryar takan yi lilo kamar mai jin barci. Har yau idan na ji ƙanshin shinkafa mai zafi da ruwan tsami, kunnena yakan jira wannan 'yar ƙarar dannawar, da shuuu ɗin da ke zuwa kafin kiɗa.

Waƙoƙin iri-iri ne, kuma da sannu na rarraba su yadda nakan rarraba ɗalibai. Akwai na 'yan mata masu zaƙin murya, kiɗan yana tsalle, a tsakiya a jefo kalmar Turanci ɗaya kamar nama a miyar makarantar kwana. Akwai na wani mutum mai kaurin murya wanda kullum nake ganinsa a raina tsaye a tashar jirgin ƙasa da jaka a hannu. Akwai kuma tsofaffin ciki, inda mace takan kama sauti ɗaya ta riƙe, ta girgiza shi, ta murɗa shi, sai ka ce ba za ta sake shi da rai ba. Mu da muka tashi muna haddace waƙoƙin Indiya a silima ba tare da sanin ko kalma ɗaya ba, wannan bai zame mana baƙon abu ba. Kunnen Bahaushe ya daɗe da koyon kuka a harshen da bai iya ba.

Ni dai son sani ya hana ni sakat. Na je ɗakin karatun jami'a na ɗauko littafin koyon Japananci, na gano cewa mutanen nan suna da tsarin rubutu har uku, na mayar da littafin cikin ladabi. Sai na koma tambayar mai abin.

"Mama, wannan me take cewa?"

Takan saurara kaɗan, wuƙa a hannu, sannan ta ce da guntun Turancinta, "Ruwan sama. Ya tafi."

"Wannan fa?"

"Tashar jirgin ruwa. Ya tafi."

"Wannan mai tsallen fa? Ai wannan murna take yi."

"Bai tafi ba tukuna."

Iyakar fassarar da na taɓa samu ke nan, kuma na karanta sharhin adabi masu kauri da ba su kai ta gamsarwa ba.

Abokin fifitata Laminu ne, ɗan Damagaram, dogo, mai tsabtar da ta wuce ta mai wankin kwano. Ya yi lakwal, wato boko, a Yamai, Faransancinsa tas, kuma yakan kira ni Mushe, wato malamin makaranta a bakinsu. Na sha roƙonsa ya daina, na gaya masa abin da mushe yake nufi a Zariya, ya ce shi bai ga bambanci sosai ba. Laminu bai taɓa tambayar ma'anar waƙa ko ɗaya ba. Abin da ya dame ni bai dame shi ba sam. Amma kaset ba ya zagayowa sau biyu sai ka ji yana bin sa ƙasa-ƙasa, maficinsa yana tafiya daidai da kiɗan, kuma kafin wata ya ƙare ya haddace kalmomin da bai san inda ɗaya ta ƙare wata ta fara ba. Wata rana kaset ɗin ya sarƙe a tsakiyar waƙar matar nan mai murɗa sauti, rakoda ta yi shiru, muryar Laminu kuma ta ci gaba ita kaɗai har ƙarshen baitin kafin ya farga. Mama Fumi ta ajiye wuƙa, ta juyo ta dube shi tsawon lokaci, sannan ta gyara masa kalma ɗaya. Tun daga ranar ya zama ɗalibinta.

"Mushe, kai kana neman abin da suke faɗi," in ji shi wata rana muna tura kekunanmu zuwa gida. "Saurari inda suke taka ƙafa. Tsofaffin waƙoƙin nan, tsanin sautinsu irin namu ne. Cire Japanancin ka sa goge, a Damagaram ba wanda zai ce baƙuwa ce."

"A lakwal aka koya maka wannan?"

Muka wuce gidaje biyu. Sannan ya ce, "Babana makaɗin kalangu ne. Shi yake yi wa mahauta kiɗa a kasuwa. Kakana ma haka."

A lokacin ni kaɗai ya gaya wa. Kowa a Greensboro ya san Laminu ɗan ɗan kasuwa ne, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta, domin ƙanin mahaifiyarsa da ya riƙe shi a Yamai tun yana ƙarami yana da shagon yadi. Yaran yanzu ba za su gane abin ɓoyewa a nan ba. Autata tana ganin mawaƙi shi ne mutumin da ya fi kowa sa'a a duniya. Amma mu mun fito daga inda ake son makaɗi a biki, a yi masa kyauta, a yi kuka idan ya mutu, sannan a hana ɗansa aure. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda muka bar gidaje da muƙamai a baya, jami'an filin jirgi suka ƙwace mana kilishi da daddawa, amma asali ya wuce ba wanda ya bincike shi. Dukkanmu kwano muke wankewa, kuma kowa ya san kakan wa ya fi na wa.

Abin ya zama da nauyi ne saboda Rakiya. Ma'aikaciya ce a gidan kula da tsofaffi, tana karatun jinya da yamma, kuma Laminu ya gan ta a wani taron suna ya rasa natsuwa. Ita ma ba ta ƙi ba. Mahaifinta ya rasu, waliyyinta ƙanin uban ne, Alhaji Mudi, mutumin Maraɗi mai tura tsofaffin motoci gida ta jirgin ruwa. Ya daɗe a ƙasar har ya sayi gida a Summerfield, can inda filaye suke da faɗi kuma maƙwabtansa suke kiwon dawakin da ba sa zuwa ko'ina. Mutum ne mai jin nauyin kansa, mai dattako, kuma duk wanda ya sauka garin ba shi da wurin kwana, a falonsa yake fara kwana. Ni aka sa gaba muka kai gaisuwa, saboda ina da gilashi da furfura biyu-uku. Alhaji ya karɓe mu da kyau, ya ce zai yi bincike.

Binciken aure a wancan lokacin da katin waya ake yin sa. Ka kankare bayan katin, ka danna lambobi masu tsawo, wata mata ta gaya maka mintocin da ba za ta ba ka ba, sannan ka yi ta ihu da wani a Yamai. Binciken Alhaji ya isa shagon yadi, aka ce yaron kirki ne, ya tsaya nan. Na ce wa Laminu gara ya faɗa da bakinsa. Ya ce zai faɗa bayan an sa rana. Na ce Rakiya fa? Ya ce ta sani, ta ce ita ba kalangu za ta aura ba, amma ba ita ce za ta ɗaura wa kanta aure ba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne Alhaji mutumin da ne. A wurinsa ba a gama bincike sai an je wurin da mutum yake neman abinci an tambayi maigidansa. Wata ranar Talata, muna tsakiyar fifita, aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Na buɗe, ga Alhaji Mudi cikin babbar riga, yana tattare ta kada ta taɓa bokitin shara.

"Malam, ashe kana nan. To, madalla. Maigidan yaron nan nake son gani, ka yi mini tafinta."

Alhaji yana da Turancin sayen mota, wanda ya ishe shi ya ruguza farashi amma bai kai na neman aure ba. Na shigo da shi, Laminu ya durƙusa ya gaishe shi da mafici a hannu, Mama Fumi ta kashe rakoda. Da na yi mata bayanin abin da ya kawo baƙon, sai ga shi ta gane nan take, ta ce su ma a ƙasarsu haka ake yi a da. Ta cire ƙyallen gabanta, ta sunkuya, ta sa aka kawo kujera da shayi. Ban taɓa ganin mutane biyu da ba su da harshe ɗaya sun fahimci girman juna da sauri haka ba.

Alhaji ya tambaya, ina juyawa. Yana zuwa a kan lokaci? Yana zuwa kafin lokaci. Yana taɓa abin da ba nasa ba? Mabuɗin ɗakin ajiya a hannunsa yake. Yana leƙa wajen kwalaben can na gaba? Ko kusa. Yana da fushi? Ta ce a ɗanɗana shinkafarsa a ji. Alhaji yana gyaɗa kai, ni kuma na fara jin iska tana shiga ƙirjina.

Sai Mama Fumi ta ga ba ta yi wa ɗalibinta adalci ba. Duk abin da ta lissafa, a ganinta, kowane ma'aikacin kirki yana da shi. Ta ɗaga yatsa, fuskarta ta yi haske, ta ce akwai abin da ya fi duk wannan, wanda ba ta taɓa gani ba tun da ta bar gida. Ta faɗe shi, ta dube ni tana jira in juya.

Na gyara gilashi. "Alhaji, ta ce... Allah ya hore masa murya."

"Ladanci yake yi musu?"

Kafin in samo amsa ta riga ta hau kujerarta ta danna rakoda. Ta koma da kaset baya, ta tsayar, ta sake komawa, har ta samo wadda take so, ta matar nan mai murɗa sauti. Ta rage ƙarar don a ji shi sosai, ta yafito Laminu ya tsaya a tsakiyar kicin, ita kuma ta koma gefen Alhaji ta harɗe hannu kamar uwar da aka zo ganin sakamakon ɗanta.

Na ga abin da ya wuce a fuskar Laminu, kuma na san lissafin da yake yi, domin ni ma shi nake yi. Ƙin yi ba zai yiwu ba: tsohuwa ce, uwargijiyarsa, kuma yanzun nan ta gama sa mutuncinta a kansa gaban baƙo. Hanya ɗaya ta rage, ya yi waƙar a lalace, yadda kowane mai wankin kwano zai yi, a yi dariya a wuce wurin. Ya gwada, ina shaida. Ya shigo a makare, ya ja muryar ƙasa, ya tauna kalmomin. Mama Fumi ta ɗan karkatar da kai, murmushinta ya fara sauka, ta saci kallon Alhaji da irin kunyar wanda ya yabi kaya aka buɗe aka ga ba haka ba. Laminu ya gani. Da baiti na biyu ya zo, sai ya shiga daidai kan gaɓa, ya buɗe maƙogwaro.

Na ji shi yana waƙa kullum, amma ashe duk wancan ƙasa-ƙasa ne. Muryar ta cika kicin har murafan tukwane suna amsawa. Ya kama dogon sautin nan ya riƙe, ya girgiza shi, ya murɗa, ya sake shi a daidai inda matar ta sake. Mama Fumi ta rufe ido, leɓunanta suna bi. Ni kuwa Alhaji nake kallo, sai na ga ba bakin Laminu yake duba ba. Hannunsa na hagu yake duba. Na bi idonsa. Gwiwar hannun Laminu tana manne da haƙarƙarinsa, tana matsewa idan waƙar ta hau, tana sakewa idan ta sauko, yadda makaɗi yake matse tsarkiyar kalangu a hammata don ya sa ta yi magana. Babu kalangu a wurin, ƙyallen aiki ne kawai da rigar da ta jiƙe da tururi. Na yi shekara ina tsaye kusa da shi ban lura ba. Alhaji, wanda ya tashi a bayan rumfar mahauta ta Maraɗi, bai buƙaci baiti guda ba.

Waƙar ta ƙare. Mama Fumi ta share ido da bayan hannu, ta dubi Alhaji da alfahari. Alhaji ya ajiye kofin shayi a hankali.

"Malam, ka ce mata na gode. Ka ce mata ta riƙe yaro da kyau." Sannan ya juya. "Laminu. Murya kowa yana iya samu. Wannan hammatar fa, a shagon yadi ta yi karatu?"

"A'a, Alhaji."

"Ɗan wane ne kai a Damagaram?"

Laminu ya faɗi sunan mahaifinsa, ya faɗi sana'arsa, ya faɗi kasuwar. Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ɗaga murya ba. Alhaji ya ce to, ya tattare rigarsa, ya sunkuya wa Mama Fumi yadda ya ga ta yi, ya fita ta ƙofar da ya shigo.

"Ya ji daɗi, ko?" in ji Mama Fumi. "Na ga ya kasa magana."

Wannan ne karo ɗaya da tafinta ya gagare ni ta kowane ɓangare. Daga baya na gwada yi mata bayani, ta saurara da kyau, ta ce su ma a da akwai sana'o'in da ba a ba 'ya'yansu aure, amma ba ta taɓa zaton ta haɗa da wanda zai iya wannan waƙar ba. Ranar ba ta ƙara kunna rakoda ba, kashegari ma haka. Muka yi ta fifita shinkafa cikin ƙarar firij. A makon ne na gane yawan aikin da waƙoƙin suke yi mana, domin ba tare da su ba kicin ɗin ɗaki ne kawai mai zafi da mutum uku da ba su san abin da za su ce wa juna ba.

Daga Summerfield shiru. A masallaci Alhaji yakan amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi karatu, ya wuce. Labari kuwa ya zaga, har likitan dabbobin gidanmu ya fara kiran Laminu da sarkin kiɗa, sai da ɗan hakimi ya tuna masa cewa shi ma banɗakin otal yake wankewa. Rakiya ce ta riƙa kawo mana abin da ake ciki. Ta ce ta gaya wa Baffanta ita ba za ta yi masa gardama ba, ba kuma za ta kawo wani ba, tana da jarrabawa a gabanta, ya ɗauki lokacinsa. Ta ce ya ce mata ba ta san komai ba, ta ce haka ne, shi ya sa take makaranta. Abin da ya gudana a zuciyar Alhaji a makonnin nan ban sani ba, kuma yana cikin tambayoyin da na bari su zauna da ni. Wataƙila haƙurin yarinyar ne ya fi ƙarfinsa. Wataƙila ya auna yaron da aka tambaye shi sunan ubansa gaban mutane ya faɗa.

Wata Juma'a bayan an sallame Alhaji ya riƙe hannuna a bakin ƙofa.

"Malam, ba raini ba, amma kai ba ubansa ba ne, mai shagon yadi ma ba ubansa ba ne. Yaro yana da uba a raye. Ban taɓa jin inda aka nemi aure aka ɓoye uba ba. Idan suna so, shi zai tambaye ni da bakinsa. Lahadi da hantsi, ku zo da kati mai kyau."

Muka je. Falon Alhaji, kafet mai laushi, waya a tsakiya an buɗe muryarta kowa yana ji. Laminu ya danna lambobin, aka kira shagon wani maƙwabci a Damagaram inda aka zaunar da tsohon tun azahar yana jira. Aka yi sallama. Da tsohon ya ji an ce ga Alhaji Mudi, sai muryarsa ta canza, ta hau, ta buɗe, ya fara abin da ya yi duk rayuwarsa idan ya tsaya gaban mai babbar riga: ya soma jero masa kirari, na Maraɗi da na masu arziki da na masu kyauta. Laminu ya runtse ido.

Alhaji ya matso kusa da wayar. "Malam. Malam, dakata. Yau ba wannan ya haɗa mu ba. Ɗanka yana son 'yata. Ka yi mini magana irin ta surukai."

Ana jin kukan akuya daga can, da wani yana cewa a matsa. Sannan tsohon ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mai taka tsanin da bai saba da shi ba. Ya ce shi ne mahaifin Laminu. Ya ce yana nema wa ɗansa auren Rakiya, idan Alhaji ya ga ya dace.

"Na ba shi," in ji Alhaji. "Allah ya sa albarka."

Aka shafa fatiha, mu a nan, su a can, amin ɗinsu yana isowa a makare. Matar katin ta shigo ta ce saura minti ɗaya. Alhaji ya kai hannu zai kashe, sai tsohon ya ce, "Alhaji, tambaya ɗaya, don Allah. An ce mini a waƙar wasu mutane ka gane shi, Japanawa ko wa."

"Haka ne."

"Bai dai saki kiɗan ba, ko?"

Alhaji ya dubi Laminu, ya dube ni, ya gyara zaman hularsa.

"Da farko ya so ya saki," ya ce. "Bai iya ba."